Dalilin Fara Gashin Ƙashi Tun Kafin a Shiga Tiyata

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa muke takura wa mara lafiya da motsa jiki makonni kafin a yi masa aikin sauya gwiwa, alhali gaɓar cire ta za a yi, sannan kuma mu tayar da shi tsaye washegarin tiyata yana tsaka da jin zafi.

Likitan tiyata bakin ƙashi da guringuntsin da suka cinye yake cirewa, ya sa ƙarfe da roba a madadinsu, amma tsokar gaban cinya, wadda take miƙar da ƙafa, da ita mutum ya shiga kuma da ita zai fito. Wanda ya daɗe yana ɗingishi tsokar nan ta riga ta rame, yanka da kumburi kuma sukan ƙara kashe mata ƙarfi a makonnin farko. Shi ya sa muke gina ta tun da wuri, mu kuma koya masa tafiya da sanduna tun hankalinsa yana kwance: wajen hawa matakala ƙafa mai lafiya ce a gaba, wajen sauka kuwa mai ciwon.

Tayar da shi da wuri kuma gudun daskarewar jini ne a jijiyoyin sha-raɓa, domin gudan jinin yana iya ɓallewa ya toshe hanyar huhu. Idan ka ga sha-raɓar ta kumbura, ta yi zafi, kada ka kuskura ka yi mata tausa ko da 'yan uwansa sun roƙe ka. Likita za ka kira nan take.

Ka sa ido sosai a kan masu jinya, domin tausayi yakan sa su cusa matashi a ƙarƙashin gwiwa. Mara lafiyar yana jin daɗin hakan, amma gwiwar da ta warke a tanƙware dawo da ita miƙe aiki ne ja. Matashin a ƙarƙashin dunduniya ake sa shi.

Game da lanƙwasawa, zama a kujera yana buƙatar kusan digiri 90, kuma muna so a kai nan a makonnin farko, kafin tabon ciki ya sanƙare. To amma mutanenmu, musamman waɗanda suke zuwa Asibitin Ƙashi na Dala daga ƙauyuka, ba a kujera suke rayuwa ba. Zaman tahiya da tsuguno a masai suna buƙatar fiye da digiri 140, wanda gwiwar ƙarfe ba kasafai take kaiwa ba. Saboda haka tun kafin ranar aiki ka zauna da shi da iyalinsa, ka faɗa musu gaskiya cewa mai yiwuwa a kan kujera zai riƙa sallah, a kuma tanadar masa abin zama mai tudu a banɗaki kafin a sallame shi.