Tambaya da Amsa: Ubuntu 22.04 zan ɗora a sabar ko 24.04?

Tambaya: Assalamu alaikum. Makarantarmu ta sayi sabar, wato kwamfutar da za ta riƙe shafin rajista da sakamakon ɗalibai, wanda aka rubuta da harshen kwamfuta na PHP. Wani abokin aiki ya ce in ɗora babbar manhajar gudanar da kwamfuta ta Ubuntu 22.04, wai da tsohuwar zuma ake magani. Ni kuma 24.04 nake so. Wacce ta fi? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Tunda sabuwar ɗorawa ce, ka ɗauki 24.04, sai dai in manhajar makarantar ta ƙi ta.

Duka biyun LTS ne, wato waɗanda kamfanin Canonical ke fitarwa a watan Afrilu duk bayan shekara 2, yana ba su gyaran tsaro kyauta na shekara 5. Wa'adin 22.04 zai ƙare a 2027, na 24.04 kuwa sai 2029. Akwai ƙarin hidimar Canonical, Ubuntu Pro, mai kai wa'adin shekara 10, amma ɗora tsohuwa a sabuwar na'ura tamkar rage wa kanka shekara 2 ne tun daga farko. Tsoron abokin aikinka yana da tushe a watannin farko na kowace siga, lokacin da kurakurai ke ɓullowa. Shi ya sa masu kula da sabar ke jiran sigar gyara ta farko, kuma 24.04.1 ta fito tun Agustan 2024.

Inda gizo ke saƙar shi ne manhajarku. 22.04 tana zuwa da PHP 8.1 da Python 3.10, ita kuwa 24.04 da PHP 8.3 da Python 3.12. Daga PHP 8.2 aka fara gargaɗi a kan wasu tsofaffin salon rubutu, irin su utf8_encode, don haka shafin zai iya cika da saƙonnin gargaɗi in ba a kashe nuna su ba. In kuna amfani da harshen Python ma, Python 3.12 ta cire tsohon kayan aikin distutils gaba ɗaya, sannan pip, mai girka ƙarin kayan Python, a 24.04 yakan ƙi girka kaya kai tsaye, ya ce externally-managed-environment. Maganinsa shi ne ka buɗe keɓaɓɓen muhallin Python da umarnin venv. In kuwa don PHP 7.4 aka rubuta shafin, ko 22.04 ba za ta cece ka ba. A nemo wanda ya rubuta shi ya sabunta, domin tun Nuwamba 2022 aka daina gyara 7.4.

Kada ka yanke hukunci da ka. Ɗora 24.04 a VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfutar gwaji a cikin taka, ka kwafo shafin da rumbun bayanansa, ka gwada shiga da rajista da buga sakamako, kana duban /var/log/apache2/error.log in da manhajar Apache kuke nuna shafin. In komai ya tafi daidai, shi ke nan.

In dole ta sa ka zauna a 22.04, ka sani hawa zuwa 24.04 na jiranka nan gaba da umarnin do-release-upgrade. Ranar da za ka yi, fara adana kwafin rumbun bayanai da na /etc a wata na'urar dabam, ka zaɓi lokacin hutu, ba makon fitar da sakamako ba, kuma ka tabbatar batirin inbata a cike yake. Ɗaukewar wuta a tsakiyar hawa takan bar manhajoji rabi a girke, har sabar ta ƙi tashi. In ta SSH kake aikin, wato kana sarrafa sabar daga nesa, buɗe ƙofa ta 1022 a katangar tsaro, domin nan tsarin ke tanadar hanyar shiga ta biyu ko da ta farkon ta yanke.