Amsa: azumi a Malesiya, da zuwa Cameron Highlands

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka samu abin buɗa-baki idan ka je Malesiya cikin azumi, kuma ko Cameron Highlands, yankin tsaunuka mai sanyi da ake zuwa yawon buɗe ido, ta cancanci wahalar hanya.

Abinci kam kada ka damu. Daga wajen la'asar ake buɗe kasuwannin da suke kira bazar Ramadan, rumfa bayan rumfa har Magariba. A Kuala Lumpur ka nufi Kampung Baru. Masallacin unguwar na raba bubur lambuk kyauta, wani fate ne na shinkafa da nama. Ka gwada ayam percik, gasasshiyar kaza da miyar kwakwa, da murtabak, soyayyiyar fulawa da ake cusa wa nama da ƙwai. Shawarata, kada ka shiga da yunwar ido, sai ka saya fiye da cikinka.

Cameron Highlands kuwa, a jihar Pahang, sanyin na nan, gonakin shayi na kamfanin BOH ma tun 1929. Amma an sare dazuzzukan gangaren duwatsu an yi gonakin kayan lambu da otal-otal, laka ta cika madatsar ruwan Ringlet. A 2013 da aka saki ruwanta, ambaliya ta ci rayuka a kwarin Bertam. Ƙarshen mako kuma cunkoson motoci a garin Brinchang sai ya ƙure haƙurin mai azumi. Ka je ranar Talata ko Laraba.