Ku Tambaya Mu Amsa: Koyar da Yanke Shawara Bisa Hujja

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malami ne a sashen kasuwanci da gudanarwa a wata kwaleji. Yawancin ɗalibaina 'ya'yan manoma ne da 'yan kasuwar ƙauye. An ɗora mini darasin yanke shawara bisa hujja, amma na lura haddace ma'anoni suke yi su juye a takardar jarrabawa. Ta ina zan ɓullo wa lamarin? Daga wani malami a Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye ma'anonin tukuna. Ka shigo aji da shawarar da wani zai yanke a wannan kakar, wadda akwai kuɗi a kanta.

Asalin tsarin daga likitoci ne. A farkon shekarun 1990 malaman Jami'ar McMaster da ke Kanada suka dage cewa likita ya dogara da abin da bincike ya tabbatar, ba abin da ya gada daga manyansa kaɗai ba. Daga baya masana gudanarwa, irin su Denise Rousseau ta Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, suka kawo shi fagen shugabancin ma'aikatu. Hujjar daga wuri huɗu ake nemo ta: binciken masana, bayanan da ke littattafan ma'aikatar kanta, ƙwarewar waɗanda suka daɗe a sana'ar, da ra'ayin mutanen da shawarar za ta shafa. Ɗalibin da ya kawo ɗaya ya bar uku bai gama aiki ba.

Ga abin da zai ci maka zango guda. Ƙungiyar manoma tana da wake, tana son ajiye shi daga kaka zuwa bazara. Ta sayi buhun PICS mai hana iska shiga, ko ta ci gaba da buhun gargajiya da maganin ƙwari? Makon farko su gyara tambayar. "Wane buhu ya fi?" ba tambaya ba ce. Sai sun faɗi wane wake, a wane sito, wata nawa, ana kwatanta shi da me, kuma me za a auna: yawan ƙwayar da ta huje, nauyi, ko farashin da dillali zai saya.

Mako na biyu da na uku nema ne. Da waya ma ana iya shiga shafukan neman takardun bincike irin su Google Scholar da African Journals Online. Za su tarar cewa Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ƙirƙiro buhun, leda biyu ne masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, kuma aikinsa shi ne hana iska shiga har ƙwarin su cinye wadda ke ciki su mutu. Amma kada su tsaya a waya. Su je wurin ma'ajin ƙungiyar su duba littafinsa, su zauna da mai sito, su tambayi masu ƙosai da alale ko suna sayen waken da ke warin magani. A nan ne za ka tuna musu cewa a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Wannan ma hujja ce, kuma tana shafar farashi.

Wurin da ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne tantancewa, domin duk abin da aka buga da Turanci gaskiya ne a wurinsu. Sai dai kana da makami a hannu. Yaran nan sun yi Islamiyya, sun san ba kowane hadisi ake karɓa ba sai an duba isnadi, sun san ingantacce da mai rauni. Ka ce su yi wa kowace takardar bincike irin wannan tambayar. Wa ya yi ta, wa ya biya kuɗinta? An kwatanta da wani rukuni da ba a taɓa ba? An auna kafin a fara? Buhu nawa aka gwada, biyu ko ɗari biyu? Yanayin wurin ya yi kama da namu?

Daga nan sai gwaji. A samu buhu 20 na wake daga girbi ɗaya, a gauraya shi, a raba goma-goma ta hanyar ƙuri'a, goma a buhun PICS, goma a na gargajiya da magani, kada a bar kowa ya zaɓa da ido. A ɗibi ƙwaya 100 daga kowane buhu a ƙirga hujajju, a ɗora shi a sikeli, a rubuta. Duka su zauna a ɗaki ɗaya, a kan katako, har wata huɗu, sannan a sake ƙirgawa da aunawa. Abin da ke lalata wannan gwaji sananne ne: ɗalibi mai zumuɗi ya kwance leda a tsakiyar lokaci iska ta shiga, ko a ɗaure leda biyun tare maimakon kowace daban, ko ɓera ya huda, ko a zuba waken bai gama bushewa ba. Idan buhu 20 ya fi ƙarfin aji, a roƙi ƙungiyar ta ba da aron nata, ai ita za ta amfana.

Wajen ba da maki, kada ka duba wane buhu ɗalibi ya zaɓa. Ka duba ko ya nuna inda kowace magana ta fito, da kuma abin da zai sa ya sauya ra'ayi.

TAMBAYA: Ni ne sakataren ƙungiyar manoman shinkafa. Bara mun ba mutum 30 cikin 80 wani sabon iri bashi, kuma sun fi sauran samun buhuna. Shugabanmu ya ce gani ya kori ji, a zuba kuɗin asusu duka a irin. Hankalina bai kwanta ba, amma na rasa abin faɗa. Daga ƙaramar hukumar Kura, Kano.

AMSA: Malam Sakatare, rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya. Tambayar farko: yaya aka zaɓi mutum 30 ɗin? Bashi ba a ba kowa. Galibi ana ba wanda aka amince zai biya, kuma shi ne mai gona kusa da bakin babbar hanyar ruwa, mai halin sayen taki a kan lokaci, mai kuɗin 'yan ƙwadago. Irin wannan manomi ko tsohon iri ka ba shi zai fi na ƙarshen layi da ruwa ke isa wurinsa a makare. Ɗauko littafin shekaru biyu da suka wuce. Idan dama can su ne ke gaba, to ba irin ne ya ɗaga su ba.

Na biyu, buhu ba ma'auni ba ne. Wani a danƙare yake, wani da sauran wuri, kuma shinkafar da ba ta bushe ba tana da nauyin ruwa. A shanya ta har danshinta ya sauko wajen kashi 14 cikin ɗari, sannan a auna da kilo. Girman gona ma sai an auna, domin "gonata ta kai eka biyu" sau da yawa kintace ne.

Abin da za ka kai gaban taro shi ne wannan. A rani mai zuwa a samu manoma 12, wasu a farkon layin ruwa, wasu a tsakiya, wasu a ƙarshe. Kowa ya raba gonarsa biyu, a jefa kwabo a ga ɓangaren da zai samu sabon iri. Rana ɗaya za a dasa, taki ɗaya, ban ruwa ɗaya. Lokacin girbi a auna mita 5 sau mita 5 a tsakiyar kowane ɓangare, a yanka, a sussuka, a shanya, a auna. Abin da ya fito a ninka shi sau 400, shi ne amfanin hekta ɗaya. A guji bakin kunya da bakin gona, domin shukar wurin ba ta wakiltar sauran. Sannan a kai samfuri injin casa a ga yawan karyayya, a ji farashin da masu saye za su bayar. Irin da ya cika buhu amma yake karyewa a inji asara ce.

Ba sai ka ce wa shugaba ya yi kuskure ba. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, mu sa kashi ɗaya cikin huɗu na asusun bana, in ya tabbata baɗi mu ƙara."

TAMBAYA: Ina horar da ma'aikata da 'yan kasuwa, wasu sun haife ni. Da na ambaci hujja sai su ce shekara talatin suna sana'ar. Yaya zan yi ba tare da na ci fuskarsu ba? Daga wata malama a Gumel.

AMSA: Malama, fara da yarda da su, domin ƙwarewa tana cikin hujjoji huɗun. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Gary Klein sun bayyana a 2009 cewa ana dogara da hasashen gwani ne idan aikin yana maimaituwa a yanayi mai tsari, kuma sakamako yana fitowa da wuri. Dillalin shanu a kasuwar Maigatari yana kallon bijimi ya faɗi kuɗin da zai yi, ciniki ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi kafin la'asar. Wannan ido abin dogaro ne. Amma farashin riɗi a kasuwar Dawanau ta Kano nan da wata shida ya rataya ne a kan canjin dala da masu saye daga ƙasashen waje, sau ɗaya kuma ake ganin sakamakonsa a shekara.

Ki raba musu littafi mai shafi 40. Duk shawarar da Alhaji zai yanke, ya rubuta kwanan wata, abin da ya zaɓa, dalilinsa, abin da yake sa ran zai faru da lamba, da kuma ranar da za a duba. Wanda ya fi sakewa da ajami ya rubuta da ajami. Bayan wata uku ku sake haɗuwa, kowa ya buɗe nasa ya karanta a zuciyarsa, kuma kada ki nemi kowa ya karanta a bainar jama'a sai wanda ya ɗaga hannu da kansa.