CPT ko PE: wacce ƙanwarki za ta zaɓa?

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ƙanwar taki lafiya. Kin ce ta yi aikin soja a Amurka, wani na gaba da ita ya keta mata haddi, yanzu asibitin tsofaffin sojoji na VA ya ce ta zaɓa tsakanin CPT da PE, hanyoyi biyu na jinya ta zama da ƙwararre domin ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan abu (PTSD): CPT tana gyara tunanin da abin ya bari, PE kuma tana sa mutum ya fuskanci abin da yake tsoro sannu a hankali.

Duka biyun suna aiki. A binciken da Paula Schnurr ta jagoranta, wanda ya fito a 2022, an raba tsofaffin sojoji 916 tsakanin hanyoyin biyu. PE ta ɗan yi gaba, amma tazarar kaɗan ce. Abin da ya fi damuna shi ne kusan rabinsu ba su kammala ba, don haka ku duba wacce za ta iya jurewa har ƙarshe.

Ki saurari abin da ya fi cin ta. Idan kullum maganarta "laifina ne", "me ya kai ni ɗakin", "me ya hana ni ihu", to CPT nake ganin ta fi dacewa. Patricia Resick ta tsara ta tun asali domin matan da aka yi wa fyaɗe. Zama 12 ne, kowanne kamar awa ɗaya. Da farko za ta rubuta shafi guda kan dalilin da take ganin abin ya faru, daga nan a zaƙulo tunanin da ya maƙale mata, ta riƙa auna shi da hujja a takarda kullum a gida. Zaman ƙarshe-ƙarshe suna taɓa tsaro, yarda da mutane, iko, mutuncin kai da kusanci. Batun yarda nan ne ciwon yake, domin wanda ya cuce ta kakinsu ɗaya, washegari ma dole ta sara masa. Kuma ba a tilasta mata zayyana abin da ya faru dalla-dalla.

Idan kuwa tsoro da gudu ne suka fi yawa, ba ta shiga taro, ba ta barci sai da fitila, to PE ta Edna Foa. Zama 8 zuwa 15, minti 90. Za ta rufe ido ta ba da labarin kamar yanzu yake faruwa, a naɗi muryarta, ta saurara kullum. Sannan ta jera wuraren da take gudu, ta ba kowanne maki daga 0 zuwa 100, ta fara da matsakaita, ta tsaya har fargabar ta lafa. Wasu hankalinsu kan ƙara tashi a makonnin farko, nan suke janyewa, alhali yakan sauka. Rashin yin aikin da aka ba ta ta yi a gida, shan giya, ko shan ƙwayoyin kwantar da hankali irin su Xanax suna dakushe aikin.

Ta nemi a riƙa ba ta PCL-5 ta cike duk mako, wato takardar auna tsananin alamomin ciwon, tambayoyi 20 ne, maki 0 zuwa 80. Idan an kai zama na shida makin bai motsa ba, ta yi magana a sake shawara. Akwai EMDR, wata hanyar jinya da ake tuna abin da ya faru ana motsa idanu, akwai kuma hanyar rubutu ta zama biyar kacal.

Tana iya neman mace ta duba ta, ita kaɗai ba cikin rukuni ba, kuma kulawar kyauta ce ko da ba ta taɓa kai ƙara ba. In kin ji tana zancen kashe kanta, ki kira 988 ki danna 1 nan take, layin agajin gaggawa ne na tsofaffin sojoji a Amurka.