Wace Mujalla Ce Ta Dace Da Kowane Yaro?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. 'Ya'yana uku ne: mai shekara 12, mai 8, da auta mai 4. Na sayo musu mujallun yara na Turanci. Babbar ta karanta tata, na tsakiya hotuna kawai ya kalla ya ajiye, autar kuwa yagawa ta yi. Yaya zan zaɓa wa kowa tasa?
Wata uwa daga Mabera, Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana su. Abin da zan fara jan hankalinki a kai shi ne shekarun da ake bugawa a bangon mujalla. Mujallun waje irin su Highlights, wadda ake bugawa a Amurka tun 1946, da yaran da suka tashi da Turanci a baki aka auna su. Don haka wadda aka yi wa ɗan shekara 8 can tana iya fin ƙarfin ɗan shekara 8 nan, kuma ba don ƙwaƙwalwarsa ta gaza ba.

Autar ba ta yi laifi ba, hannunta ne bai saba da siririyar takarda ba. Ki nemi mai kauri, mai hoto babba da layi ɗaya ko biyu a shafi, ki duba ɗan ƙarfen da aka ɗinke tsakiya da shi kada ya soke ta. Minti goma ya isa: ki ɗora ta a cinya, ki ce "ina raƙumi?", ta nuna, ki ba ta labarin da Hausa.

Na tsakiyan ne ya fi bukatar kulawa, domin a irin shekarunsa ne yaro ke kama karatu ko ya guje shi. Ki gwada shi haka: buɗe shafi daga tsakiya, ya karanta a bayyane, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa ɗaya. Idan ya gama shafin da yatsa ɗaya ko babu, ta yi masa sauƙi. Biyu ko uku, ita ce daidai da shi. Idan yatsun biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, ki ajiye masa ita sai baɗi. Bayan ya gama, ki ce ya faɗa miki abin da ya faru da bakinsa, saboda akwai yaran da ke furta kalmomi sarai alhali ma'anar ba ta shige su ba.

Ina ganin da Hausa ya kamata ya fara. A rubutun boko kusan kowane harafi sauti ɗaya yake ɗauka, shi ya sa yaro ke saurin kamawa, kuma a kan haka aka gina shirin Mu Karanta na ƙananan azuzuwan firamare a jihohin Sakkwato da Bauchi. Mujallun yara na Hausa ba su da yawa a kasuwa, amma shafin African Storybook a intanet yana da labaran Hausa kyauta masu hotuna. Ki sa a buga miki biyu ko uku a shago, a ɗinke. Ki lura da abu biyu. Bugun da ya zubar da ƙ, ɗ da ɓ yana rikita mai koyo, tunda "ƙasa" da "kasa" ba ɗaya ba ne. Sannan yaron Sakkwato "tahi" yake cewa, a takarda kuwa "tafi" zai gani. Kada ki ce masa ya yi kuskure. Ki nuna masa haka ake rubutawa, haka kuma muke faɗa a gida.

Sha'awarsa kuwa ba sai kin tambaye shi ba. Ki zuba masa ido mako guda. Mai bin tattabaru da tumaki, mujallar dabbobi. Mai kwance fitila da rediyo, ta ƙere-ƙere. Mai ƙwallo, ta wasanni.

Babbar ta kai ta zaɓa da kanta, amma cikin guda uku da kika riga kika karanta daga bango zuwa bango. Ki fi bincika tallace-tallace da shafukan baya, da adireshin intanet da ake tura yara su buɗe, domin nan abin da bai dace da tarbiyyarmu ba ya fi ɓuya. Idan mai son tarihi ce, ki haɗa mata da abin da aka rubuta kan Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da 'Yan Taru da ta kafa don karantar da mata.

Kada ki biya kuɗin shekara sai kin gwada fitowa biyu kin ga ana komawa kanta ba da tilas ba. Ki ajiye mujallun a akwati mai murfi, a ɗaga shi daga ƙasa, saboda gara da ƙurar hunturu, amma inda hannunsu zai kai.