Tambayi Anti: Fulafjak ɗin masu hawan keke

Wannan makon saƙonni uku suka haɗu a kan abu ɗaya, shi ya sa na haɗe su wuri guda. Masu tambayar yadda ake hana miyar kuka tsinkewa ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.

Salamu alaikum Anti, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Shefil ta ƙasar Ingila, na shiga wata ƙungiyar masu hawan keke muna fita duk Lahadi da sassafe. Ranar da na fara binsu shayi da biredi kawai na sha, wajen awa biyu da fita muna tsakiyar hawa wani tudu ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba, jiri ya ɗebe ni, jikina na rawa, dole na sauka na zauna a gefen titi. Wani dattijon bature ya zaro wani abu daga aljihun bayan rigarsa ya miƙo min yace in cinye, wlh bayan kamar minti goma sha biyar na dawo hayyacina. Yace sunan abin fulafjak kuma matarsa ce ke yi masa. Na gwada yi sau biyu, na farko ya wargaje sai da cokali na ci, na biyu ya zama dutse saura kaɗan in rasa haƙori. Dan Allah a ina nake kuskure? Ɗalibi, daga Shefil.

Wa alaikumus salam ƙanena. To kai ma ai ka ɗauko da zafi, duk garuruwan Ingila ka rasa inda za ka fara koyon keke sai Shefil, garin da ko kanti za ka je sai ka hau tudu. A 2014 da gasar tseren keke ta Tour de France ta fara daga yankin Yokshaya, zango na biyu a garin naku aka ƙare shi, kuma manyan 'yan tseren ma sai da suka ji a jikinsu. Don haka kar ka ji kunya.

Abin da ya same ka ba ciwo ba ne, mai ne ya ƙare a tanki. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, likitoci na kiransa gilaikojin, kuma in mutum yana taka feda da ƙarfi ajiyar nan ba ta wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu. In ta ƙare shi kenan, ƙafa ta yi laƙwas, ido ya yi duhu, wani har kuka yake ji kamar ya yi. Turawan masu keke suna da suna na musamman da suke kiran wannan hali, bonk suke cewa, in ka faɗa musu haka duk za su yi dariya don babu wanda bai taɓa ɗanɗana ba.

Shi kuma fulafjak ba wani abin a zo a gani ba ne, abu huɗu ne rak: ots, wato wani hatsi da Turawa ke kunun safe da shi, bota, jan sukari, sai wani ruwan sukari mai kauri kalar zuma da suke kira golden syrup, wanda kamfanin Lyle ya fara zubawa a gwangwani a Landan tun 1885, kuma har yau gwangwanin kore ne da ruwan zinare. Amma ka kula, in ka tsallaka Amurka ka ce a ba ka fulafjak fanke mai faɗi za su kawo maka, don su abin da suke kira da sunan kenan.

Ga awon da nake yi a faranti mai kusurwa huɗu na santimita 20: ots giram 300, bota 150, jan sukari 100, golden syrup 100 wato wajen babban cokali huɗu zuwa biyar, sai ɗan gishiri abin da yatsa biyu suka ɗauka. Ka sayi ɗan sikelin kicin mana, ba tsada, awon ido shi ke kashe wannan abin. Ka narka bota da sukari da sirof ɗin a tukunya a wuta kaɗan kaɗan, da zarar sun narke sun haɗe ka sauke, kar ka bari ya tafasa yana kumfa, in ya tafasa alewa ka fara haɗawa kuma ina kyautata zaton abin da ya ba ka dutse kenan a karo na biyu, ko kuma ka bar shi ya daɗe a oben. Ka juye ots a ciki ka gauraya har sai ba ka ganin ko ƙwara ɗaya busasshiya.

Yanzu ga inda yawancin mutane ke faɗuwa. In ka shimfiɗa takardar gashi a farantin ka juye haɗin, danna shi za ka yi da gaske, ba shafawa ba, ka sa bayan cokali ko gindin kofi ka danne ko'ina har kusurwoyi kamar mai daɓe. Wanda bai dannu ba shi ne ke zama gari. Sannan ka duba irin ots ɗin da ka saya, akwai mai manyan ɓawo da suke rubuta jumbo a jiki, yana da daɗin tauna amma ba ya kama jikinsa, ka sayi ƙananan da ake kunun safe da su, ko ka haɗa rabi da rabi. Wanda aka sassara kamar tsakin masara kuwa kar ma ka kusance shi, ba zai dahu ba.

Oben a digiri 180, in mai fanka ne 160, minti 20 zuwa 25. Za ka ga gefe ya yi ja amma tsakiya na motsi kamar bai yi ba, zuciyarka za ta ce ƙara minti biyar, kar ka saurare ta, fito da shi. Yana hucewa zai ƙame da kansa. Bayan minti goma ka ja layi da wuƙa gida goma sha biyu tun yana da ɗumi, sai ka bar shi a farantin ya huce sarai, ni kwana nake bari ya yi. Na san kai ɗalibi ne yunwa ba za ta bar ka ba, to ka ci gida ɗaya na kusurwa ka ƙyale sauran.

In ka yi lissafi da awon nan kowane yanka zai ba ka wajen giram 30 na kabohaidiret, wato sinadarin da ke ba da ƙarfi nan take, da kalori kusan 240. Masana abincin 'yan wasa suna cewa in tafiya ta wuce awa ɗaya a riƙa cin giram 30 zuwa 60 duk awa, ka ga kenan yanka ɗaya duk awa, in an haɗa da ayaba ko dabino uku ya wadatar. Kuma ka fara ci tun minti 45 da fita, kana gutsira kana kora ruwa, kar ka jira sai yunwa ta yi sallama, lokacin an makara.

Wani abu kafin in manta, in ka zuba gyaɗa a ciki ka faɗa wa abokan tafiyarka kafin ka miƙa musu. A can akwai mutane da yawa da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, wani ko ɗan kaɗan ya ci sai asibiti.

Anti sannu da ƙoƙari. Maigidana ya shiga harkar keke irin na motsa jiki, suna fita da abokansa bayan Asuba ran Asabar su yi nisa su dawo wajen ƙarfe goma. Ya ga wannan abin a waya ya dame ni in yi masa. Matsalar ba ni da oben, ban taɓa ganin golden syrup a kantunan unguwarmu ba, kuma ina tunanin da zafin garin nan ai narkewa zai yi a aljihu. Ya zan yi? Uwargida, daga Kano.

'Yar'uwa tunaninki daidai ne ɗari bisa ɗari, kuma gsky ni a ganina fulafjak irin na Turawa bota ta yi masa yawa ko a can ma. Su suna hawa keke cikin sanyi da yayyafi, abin yana zama da tauri a aljihu, mu kuwa a watan Afirilu ƙarfe tara na safe rana ta riga ta buɗe. Na taɓa yi wa wani ƙanena da cikakken awon Turawa ya sa a aljihun riga ya fita, ya dawo min da tabon mai a gadon baya kamar wanda ya jingina da tukunyar mai ƙosai, rigar sai da aka jiƙa ta kwana biyu. Bayan wannan, maiƙo yana daɗewa a ciki kafin ya narke, mai taka keke kuma ƙarfin da zai iso jini da wuri yake nema ba abin da zai zauna masa a ciki ba.

To ki rage botar zuwa giram 90 ko 100, ki cike gurbin da dabino. Ki sami dabino mai laushi kamar giram 100, ki cire ƙwallon, ki jiƙa a ruwan zafi kaɗan ki dame shi ya zama kamar tunkuza mai laushi, shi zai yi miki aikin danƙo. Ayaba ɗaya da ta nuna luguf ma tana yi, sai dai wanda aka sa wa ayaba ba ya wuce kwana biyu a zafinmu.

Maimakon jan sukari ki sa mazarƙwaila, ki daka ta ko ki goga ta yi gari, wlh ƙamshin da take bayarwa ya fi na jan sukarin kanti, ai kusan abu ɗaya ne. Maimakon golden syrup kuma zuma, amma fa mai kyau. Ki sani zuma tana saurin ƙonewa fiye da sirof don haka wuta ƙasa ƙasa. In zuma ta yi tsada ki dafa naki: sukari kofi biyu, ruwa kofi ɗaya, ki matsa rabin lemon tsami, ki bar shi a wuta kaɗan ba juyawa har ya yi kalar zuma ya fara kauri. Tsamin lemon nan shi ke hana shi komawa ƙanƙarar sukari in ya huce. Soyayyen riɗi da dakakkiyar gyaɗa ki zuba tafin hannu ɗaiɗai, in kina son ɗan yaji ki barbaɗa garin citta.

Zancen rashin oben kuwa, yadda iyayenmu suke gasa kek haka za ki yi. Babbar tukunya, ki zuba yashi mai tsabta ko gishiri a ƙasa, ki rufe ta yi zafi minti goma, ki ɗora ɗan murfi ko duwatsu uku a kan yashin don kar farantin ya zauna kai tsaye, ki sa ki rufe. Matsalar tukunya ita ce zafin daga ƙasa yake zuwa, ƙasan na iya ƙonewa sama bai yi ba, in a gawayi kike ki ɗora 'yan garwashi a kan murfin, kuma ki yi shi sirara kar kaurinsa ya wuce yatsa ɗaya da rabi. Hancinki ne agogo, da kin ji ƙamshi ya tashi ki leƙa.

Ki naɗe kowane yanka daban a takardar gashi ko foyil yadda zai iya buɗewa da hannu ɗaya, don ɗayan hannun na riƙe da kan keke. In akwai wuta ki jefa su firiza tun dare, ya ɗauka da ƙanƙararsu, kafin ya buƙata sun saki.

Sai dai bari in faɗa miki gaskiya tsakanina da ke. Ots ba amfanin gonarmu ba ne, hatsin ƙasashen sanyi ne mai son damshi, shi ya sa mutanen Sikotilan suka mayar da shi kunun safensu, namu na kanti irin su Quaker Oats kuɗi ne ba kaɗan ba. Ranar da aljihu bai ba da dama ba ki ba shi kantun riɗi da dabino bakwai da gorar ruwa, aikin da za su yi masa a kan keke bai bambanta sosai ba. In ya yi ƙorafi ki ce Anti ce ta faɗa.

Hajiya ina gaisuwa. Ni dattijo ne na haura sittin, ina da ciwon suga, likita yace in riƙa motsa jiki shi ne nake zagaya unguwa da keke minti talatin da yamma. Na ji ance ots na da kyau ga masu suga, shin zan iya cin wannan fulafjak ɗin? Mai karatu, daga Zariya.

Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Gaskiya ne ots yana da wani sinadari mai yauƙi da ake kira beta-gulukan wanda ke rage saurin shigar sukari cikin jini, yana kuma taimakawa wajen rage kitsen jini. Amma Baba wannan ots ɗin da aka dama shi kaɗai kenan. Fulafjak kuwa a faranti ɗaya akwai giram 200 na sukari da sirof, ga bota, alewa ce da ta yi shigar abincin lafiya. Ko an canza da zuma ko mazarƙwaila ko dabino duk sukari ne a wajen jininku.

Kuma zagayen minti talatin ba ya cinye ajiyar jiki, ba kwa buƙatar guzuri, ruwa ya isa. Abin da ya kamata ku tambayi likitanku shi ne, in kuna shan maganin da ke saukar da suga ko kuna allurar insulin, me za ku riƙe a aljihu saboda ranar da suga zai faɗi kuna kan hanya, don motsa jiki na iya jawo hakan. A irin wannan lokacin ma fulafjak ba shi ne ya dace ba tunda maiƙon cikinsa yana jinkirta shi, abin da ke shiga jini nan da nan ake so kamar ƙwayar sukari ko lemon kwalba mai zaƙi. In jikoki sun yi a gida ku gutsiri ɗan kaɗan ku ji ɗanɗano, sauran ku bar musu.