Kyamarar Titi: Tsaro ne ko Neman Tara?

Tambaya: Malam, kyamarorin nan da Legas ta kafa masu ɗaukar lambar mota a turo maka tara ta waya, wai suna rage hatsari kuwa? Direba daga Zariya.

Amsa: Suna ragewa sosai inda gudu ke kashe mutane, amma a fara gwadawa a titi ɗaya tukuna, a ƙirga hatsarin shekarun baya da na bayan sakawa sannan a kwatanta da wani titi irinsa mara kyamara, don wani sa'in hatsari kan ragu da kansa a yaba wa na'ura a banza. Ni abin da ke damuna masu shafa wa lamba laka ne, wallahi su kyamara ba ta kama su.